Allo Biyu a Zauren Rabah

Masana sun cika littattafai da bayanin abin da ke riƙe da zaman lafiyar al'umma. Wasu sun ce adalci ne, wasu sun ce cikar rumbu, wasu sun ce tsoron hukuma. Ni da na shekara bakwai ina sakataren ƙungiyar manoman rani, na tabbata dukansu sun tsallake babi mafi girma, wato inda ake ajiye allon kwamfuta a ɗakin taro, da wayar da ke kai masa hoto. Daula tana iya tsayuwa ko ta rushe a kan wannan waya, musamman in faɗin daular bai wuce magudanar ruwa guda ba.

Kafin in zama sakatare na daɗe ina koyarwa a wata makaranta a Rabah. Alli ya ci mini yatsu, jan biro ya ɓata mini aljihun riguna. Da na gaji, Kawu ne ya sama mini wannan aiki. Yayan mahaifiyata ne, kuma shi ne uban matata, saboda haka duk inda na juya a gidanmu shi nake tararwa. Malami ne ɗan malamai, zaurensa a Wurno cike yake da littattafan da ya gada, kuma yana da gonar albasa a bakin magudanar ruwa. Ranar da ake neman sakatare ya miƙe a gaban dattawa ya ce ɗan ƙanwarsa ya iya rubutu, shi ya tsaya masa. Ba a tambaye ni takarda ba. Kujerata ƙafa ɗaya gare ta tun daga ranar, kuma ƙafar Kawu ce.

Magudanarmu ɗaya ce, masu ita kashi biyu. 'Yan sama su ne na wajen Goronyo da Rimawa, waɗanda ruwa ke fara isa gare su in an sako shi daga madatsa. 'Yan ƙasa mu ne, daga Wurno har zuwa gefen Kwargaba, masu jiran abin da ya rage. Kowace shekara kafin a dasa albasa ana zama a raba ranakun ruwa. A Rabah ake zaman, a zauren makarantar da na taɓa koyarwa, domin 'yan sama ba su yarda su zo garinmu ba, mu ma ba mu yarda mu je nasu ba, kowa ya gwammace doguwar hanya. A zauren 'yan sama kan jingina da bango ɗaya, 'yan ƙasa da ɗayan, suna fuskantar juna, shugaba da sakatare kuma a can kai, a bayan tebur.

A shekarun farko daga takarda nake karanta jadawalin. Duk shekara sai wani ya ce na tsallake layi, ko na karanta Talata alhali Laraba aka rubuta. Shekarar da nake magana a kanta mun sami sabon shugaba, mutum mai son abin zamani, ya ce gani ya kori ji, a nuna wa kowa jadawalin a allon kwamfuta. Nan da nan aka gane allo ɗaya ba zai yiwu ba. Duk inda aka ajiye shi sai ya fi karkata ga wani bango, kuma ba dattijon da zai miƙa wuya ya leƙa abin da aka girka wa wasu. Aka yanke cewa allo biyu za a kawo, girmansu ɗaya, a ajiye su a tsakiyar zaure baya da baya, kowane ya dubi mutanensa, su nuna abu ɗaya a lokaci ɗaya. Shugaba ya juyo ya ce mini ai wannan ƙaramin aiki ne ga malamin makaranta.

To, akwai abin da shugaba bai sani ba. Jerin sunayen masu bakin ruwa a magudana da ke cikin kwamfutata cike yake da masu suna ɗaya. Akwai mutum biyar da sunansu da na ubanninsu duk iri guda ne, uku daga cikinsu kuma ƙauyensu ɗaya. Don in riƙa bambance su, na buɗe wani gurbi a ƙarshen kowane layi, irin wanda ke ƙasan katin sakamakon ɗalibi, inda malami kan rubuta ra'ayinsa. Da farko abin da nake sawa bai wuce "mai gajeren gemu" ko "na kusa da tsamiya" ba. Amma hannun da ya shekara da shekaru yana yanke wa yara hukunci a jimla ɗaya ba ya tsayawa nan. Wani na rubuta masa cewa yana zuwa taro da wuri, yana tafiya da ruwan maƙwabci. Wani kuma na ce ya fi ƙwarewa a addu'ar buɗe taro bisa yashe magudana. Kawu ba ya buƙatar alama, ko a mafarki ba zan rikita shi da kowa ba, amma shi ma na rubuta masa: "Ya san hukuncin ruwa a littafi goma, bai taɓa rufe nasa a kan lokaci ba." Da Hausa na rubuta, da haruffan boko, waɗanda Kawu ke karantawa ba tare da ya motsa leɓe ba.

Mai hankali zai ce in goge gurbin. Na gwada. Na yi kwafi marar ra'ayi, na zauna ni kaɗai a ofis ina gwajin karatu, ban kai rabi ba na ba wani ranar takwaransa. In na yi haka a Rabah, sanduna za su yi magana. Buga shi a takarda kuma ya fi haɗari, domin dattawanmu in sun zo gaida shugaba a tebur, duk takardar da suka gani ɗauka suke su duba, kamar yadda ake ɗanɗana gyaɗa a kasuwa. Na iya goge layin Kawu kaɗai, wannan gaskiya ne. Na buɗe shi da niyyar haka, na sake karanta jimlar, na ga ta zauna daidai ba abin cirewa, na rufe.

Ke nan allo uku nake buƙata. Biyu na dattawa su nuna kwafi mai tsabta, na kan kwamfutata kuma, wanda ni kaɗai nake kallo, ya nuna mai ra'ayi. Kwamfuta tana da hanya biyu ta mu'amala da allon da aka jona mata. Ko dai ta mai da shi madubi, duk abin da ke gabanka ya fito a can, ko ta mai da shi ƙarin fili, ka tura masa abin da ka ga dama ka riƙe sauran. Aurena da aikina sun rataya a kan bambancin waɗannan biyun.

Na nemi fatawa, na tarar mazhabobin kwamfuta uku ne a ofishinmu, kowace da limaminta. Ta farko ta injiniyarmu ce, wata mata 'yar Goronyo mai auna ruwa. Kwamfutarta siririya ce mai launin azurfa, ba ta ƙara, ba ta zafi, tana wuni ba ta nemi caji ba. Ta ce in kawo allunan mu gwada. Ramuka biyu ne kacal a jikinta, ƙanana kamar na hancin allura, ba wayata ko ɗaya da ta shiga sai da aka kawo wani ɗan mahaɗi. Allo na farko ya kama tas, har na ji kunyar tawa. Na biyu ya ƙi. Ta ce irin wannan ƙirar allo ɗaya take ɗauka a waje, babbar yayarta ce ke ɗaukar biyu, amma in aka sa akwatin raba hoto za ta yi. Ta ƙara da cewa abin da tata ta fi kowa shi ne riƙon amana, yadda ka tsara mata alluna yau haka za ka same su gobe, ko an zare waya an mayar.

Na zauna in taɓa ta, na ga kamar an sauke ni a garin da ake tuƙi ta ɗaya hannun. Maɓallin rufe taga yana hagu, maɓallan da yatsuna suka haddace duk sun yi ƙaura. Baƙuwa ce mai ladabi wadda ba ta cin abinci sai a kwanonta. Injiniya ta ce ba komai, ita za ta zauna ta tuƙa, in riƙa karantawa daga gefenta. Sai na tuna ita ma tana da layi a ƙarshen jerin, inda na ce tana auna ruwa da santimita, manoma na auna shi da gwiwa. Na yi godiya na ce kada in ɗora mata wahala.

Liman na biyu mai zana mana taswira ne, mutum marar yawan magana. Shi tsarin kwamfutarsa na kyauta ne, wanda ba a saye, kuma yana kallon sauranmu da irin tausayin da mai rijiya ke yi wa masu sayen ruwan garwa. Ya jona allunan, ya buɗe wata baƙar taga, ya rubuta layi ɗaya mai tsawo, ya danna. Alluna uku suka jeru yadda nake so kamar 'yan aji ɗaya a ranar zuwan sufeto. Na ce ya rubuta mini layin a takarda. Na kwafa, na bar alama guda, duka ukun suka mutu. Ya ce kwamfuta ba ta saɓa umarni, ni ne ban iya ba da shi ba. Tasa jakin mutanen Giyawa ce, ba inda ba ta shiga, amma muryar mai ita kaɗai take ji, shi kuwa ranar taron yana da awon gona a wani wuri.

Na koma kan tawa, baƙa mai kauri, wadda fankarta ke huci kamar ta hau tudu. Tsarinta shi ne wanda kowa ya sani, irin babur ɗin da duk bakanike na bakin hanya zai iya kwancewa. Ranar kasuwa na ɗauke ta zuwa Goronyo wurin wani mai gyara, sa'ana ne, tare muka yi furfura. Ya ba ni ɗan akwatin raba hoto, waya ɗaya ta shiga biyu su fita, kuma daga jikin kwamfutar yake shan wutarsa. Ita kwamfutar allo ɗaya za ta ɗauka aka jona mata, akwatin ne zai raba hoton gida biyu. Muka gwada a rumfarsa da wasu tsofaffin alluna, abu ya yi. Ina naɗe wayoyi ya riƙe mini hannu.

"Malam, wagga baƙar hali guda gare ta. In anka ɗauke wuta, ko waya ta motsa, tana iya mance tsarin da kay yi, ta koma madubi. In akwai abin da ba ka son a gani, kar shi kwana ciki."

Na ce masa ai jadawalin ruwa ne kawai. Ya dube ni yadda nake duban ɗalibin da ya ce akuya ta cinye littafinsa, sannan ya nuna mini maɓalli biyu da ake dannawa tare a dawo da tsari. Kwana huɗu ina bitar su. Har a kan tabarmar cin abinci matata ta ga yatsuna suna dannawa, ta tambaye ni ko sanyi ne ya kama mini hannu.

Ranar taro na isa Rabah da hantsi, kafin kowa. Allo ɗaya na ofishinmu ne, ɗayan na aro daga ofishin injiniya. Na girka su baya da baya a kan benci, na ja waya har teburina, na bi ta da salatif a ƙasa, na ɗora dutse a inda ƙafa ke iya bi. Daga kujerata gefensu kawai nake gani, sirara biyu kamar murfin littafi, don haka sau uku ina tashi in zagaya in tabbatar kwafi mai tsabta ne a kansu. Da dattawa suka shigo, wani tsoho daga Rimawa ya ƙi zama sai da ya fito da carbinsa ya auna faɗin allunan biyu, ya ƙirga 'ya'yan, ya ce sun yi daidai. Kawu ya buɗe da addu'a, doguwa, har da nassin cewa mutane sun yi tarayya a ruwa.

Sa'a ta farko ta tafi lafiya. Ina karanta layi, ina motsa kibiya a allunansu, idona na satar kallon nawa don in san wane mai suna ne ake nufi. Aka yi gardama a kan Litinin, aka sasanta. Shugaba yana ta gyara zaman hularsa don jin daɗi. Muka iso ruwan Alhamis, wanda shi ne ƙashin taron kowace shekara, domin ranar ce ruwa ke barin hannun 'yan sama ya shigo namu, kuma bakin farko da yake tararwa na Kawu ne. Na gangaro da jerin har layinsa ya zo tsakiyar allona. A nan aka ɗauke wuta.

Fankokin sama suka yi ta lilo har suka tsaya. Kwamfutata tana da batir, ba ta mutu ba, amma allonta ya ƙifta. Shugaba ya aika a gaya wa maigadi ya tada janareta. Muka ji an ja igiya sau biyu, na uku ya kama, fankoki suka dawo, ƙwan da ke kan teburinmu ya haska. Allona ya sake ƙiftawa, kuma da ya dawo haruffan sun yi manya-manya. Na san wannan alamar, na gan ta a rumfar Goronyo. Ta koma madubi. Kwafi mai tsabta ya gudo daga inda na tura shi ya ɓuya a ƙarƙashi, mai ra'ayi yana sama, layin Kawu a tsakiya, jimlar tawa da girman da makaho zai shafa ya karanta.

Na danna maɓallan nan biyu. Yatsan da ya yi kwana huɗu yana bita ya sauka a kan maƙwabcin wanda ake so, wata taga dabam ta buɗe. Na rufe ta, na sake dannawa, sai ɗan zoben nan ya fito yana juyawa, wanda ke nufin kwamfuta tana tunani. Ta yi tunaninta a natse. Na ƙirga a raina, mai karatu a hankali zai iya karanta jimlar sau uku, ya koma layin sama ya ga na mai zuwa da wuri, ya gangara ya ga na mai addu'a. In na rufe murfin kwamfutar, na shaida wa zaure ke nan cewa akwai abin ɓoyewa. In na tashi in zare waya, sai na bi ta gaban mutum sittin.

Na ɗaga kai. Bangon dama da na hagu duk idanu suna kan alluna, ba mai motsi. Tsohon Rimawa ya daina jan carbi. Kawu ya ɗan sunkuyo gaba, ya cire tabarau, ya goge shi da bakin rawani, ya mayar, ya sake duba. Wani a cikin 'yan sama ya yi gyaran murya. Da an yi dariya da na sami sauƙi, domin dariya tana da ƙarshe. Ba wanda ya yi.

Zoben ya ɓace, na rufe fayil ɗin, na dawo da tsari, na tura kwafi mai tsabta. Shugaba, wanda hankalinsa ke kan fanka, ya ce in ci gaba. Na ci gaba da ka, ba gurbin ra'ayi, ina addu'ar kada in haɗa masu suna ɗaya. Ina cewa kamar yadda kuke gani a layi na kaza, suna gyaɗa kai. Na karanta cewa za a karɓi ruwan Alhamis bayan azahar maimakon hantsi, abin da 'yan sama suka nema aka sa a daftari don a yi ciniki a kai, wanda na san Kawu ya zo da hujjoji uku na rushe shi. Bai ce uffan ba. Na karanta wani layi da ya rage wa 'yan sama rabin Asabar, su ma shiru. Taron da kan kai mu la'asar ya ƙare kafin kiran azahar. Ana shafa fatiha na kife murfin kwamfuta, na zauna ina naɗe waya har zauren ya watse.

A mota ɗaya muka koma Wurno da Kawu, shi a gaba, ni a baya da alluna biyu a cinya. Ya ja carbi tun daga ƙofar makaranta. Mun yi nisa sosai kafin ya yi magana, ba tare da ya juyo ba, ya tambaye ni ko kwamfutar nan tawa tsohuwa ce. Na ce ta kwana biyu. Ya ce hm.

Kwana uku na yi ina fassara duniya. Wani daga cikin 'yan ƙasa ya tsaya ya gaishe ni a kasuwar albasa ya daɗe yana tambayar iyali, na ce a raina ta'aziyya yake yi mini tun da rai. Wanda na ce yana tafiya da ruwan maƙwabci ya wuce ni a babur bai ɗaga hannu ba. Shugaba ya buga waya ya yaba mini, ya ce bai taɓa ganin taro mai natsuwa irin wannan ba, na ji kamar ana yabon gawa. Da safe in na je gaida Kawu yakan amsa a taƙaice, idonsa a kan littafi. Matata ta je gida ta dawo ta ce babanta ba ya cikin walwala, ko tuwon rana bai ci sosai ba, ta tambaye ni ko wani abu ya faru a Rabah. Na ce taro ne kawai. Ta ce to me ya sa ni ma ba na ci.

A rana ta huɗu na ga gara in kai kaina da a aiko a kira ni. Na jira har masu ɗaukar karatun safe suka tashi, na cire takalmi tun daga waje, na shiga zauren na durƙusa nesa da buzunsa. Na ce Allah shi gafarta Malam, na zo neman afuwa a kan abin da na rubuta, sharrin hannu ne da rashin kunya, kuma duk hukuncin da ya yanke na karɓa, ko da barin aikin ne. Ya sa yatsa a inda ya tsaya a littafin, ya ɗago.

"Mi kar rubuta?"

Na gane dabarar, don ni ma na yi wa ɗalibai ita. Ba ka karanta wa yaro laifinsa, sa shi kake ya faɗa da bakinsa. Na daidaita murya na karanto jimlar daga farko har ƙarshe, da waƙafinta, yadda ake karatu a gaban aji. Ya ce in sake. Na sake.

"Goma kaɗai kaƙ ƙirga?" in ji shi. Ya waiwaya ya dubi littattafan da ke jere a bayansa, sannan ya dawo da ido kaina. "Wanga abu, ina kar rubuta shi?"

"Cikin kwamfuta, Kawu. Shi ne ya fito a allo ranar taro, bayan an tada janareta. Kun gani."

"Mu ba mu ga komi ba. Allonmu tun da anka ɗauke wuta bai koma kamawa ba, baƙi ƙirin har anka tashi. Na goge tabarau na ɗauka idona na."

Na ce to me ya hana a yi magana.

"Gaban 'yan sama? Su suna kallon nasu suna gyaɗa kai, mu mu ce namu ya mutu? Haka kas sa na zauna anka ɗauke mani ruwan hantsi ina duban baƙin gilashi. Shi na abin da ad damuna kwana ukun ga. Yanzu kuma ka kawo mani na biyu."

Bai kore ni daga aiki ba, bai kuma gaya wa 'yarsa ba, ni na gaya mata, ta yi kwana biyu tana ba ni amsa da kalma ɗaya. Abin da ya yanke shi ne, tunda na san lokacin rufe ruwa fiye da shi, ni zan riƙa rufe nasa. Duk Alhamis ta wannan rani, ana sallar la'asar nake hawa babur in tafi fadama, in naɗe wando in shiga laka in toshe bakin magudanarsa, maƙwabtansa suna gaishe ni da sakatare. Ranar da na fara, da daddare na dawo ofis na goge gurbin ra'ayi gaba ɗaya, na koma bambance masu suna ɗaya da lamba.

Bayan kamar wata guda na haɗu da tsohon Rimawa a wajen wani suna. Na ja shi gefe, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na tambaye shi yadda hoto ya fito a nasu allon bayan an tada janareta. Ya duba hagu da dama, ya rage murya, ya ce nasu ya mutu tun lokacin, amma da suka ga 'yan ƙasa sun zuba wa nasu ido ba su ce komai ba, sai suka daure. Ya roƙe ni kada maganar ta kai Wurno.

Na koma makarantar na tambayi maigadi. Soket ɗin da na jona allunan ba ya kan layin janareta.